Bais ɗin Baba Magagari

Tun da na kawo keken ɗinkina layin nan na tarar da Baba Magagari a shagon da ke jikin nawa. Gyaran kwaɗo da yankan makulli ne sana'arsa, kuma da magagari yake gurza su, shi ya sa sunan ya bi shi. Kayan aikinsa ba su cika gwangwani ba, in ka cire bais, ƙarfen nan mai muƙamuƙi biyu da ke kafe a bakin teburinsa yana cije masa duk abin da zai gurza.

Taurin kai kuwa, ba a magana. In bais bai matse yadda yake so ba, sai ya zura bututu a hannun juyawar ya danna iya ƙarfinsa. Na sha ce masa, "Baba, wata rana za ka kashe abin nan." Sai ya ce, "Kai dai riƙe allurarka, tela."

Bara ciwo ya shanye masa hannun hagu. Da ya dawo shago, ashe bais ma ya gaji: zaren sukurun ciki ya cinye, ka yi ta juyawa ba ya kamawa. Babbar 'yarsa ta zo ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Baba, don Allah ka haƙura. Na gyara maka ɗaki a gidana. A ba wani shagon."

"Bari in gyara bais tukuna," in ji shi. "Shi zai zame mini hagu. In na yanka makulli ɗaya a gabanki, kada ki ƙara yi mini zancen nan."

Ta amince.

Ni na kwance masa notuna, yana ta yi mini faɗa wai hannuna na mata ne. Ya jiƙa sassan a kananzir, ya danne su da ƙafa yana kankare tsatsa da busasshen giris. Ya yi ta yawo wajen masu tsofaffin ƙarafa har ya samo sukurun da ya dace, mai walda ya liƙa masa. Haƙoran da suka sulɓe ya sake fitar da su ɗaya bayan ɗaya, gumi na ɗiga daga gemunsa. Ranar da muka harhaɗa, da yatsa ɗaya ya juya shi, muƙamuƙan suka haɗu tsaf. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun kafin ciwon.

Washegari 'yar ta zo. Ya ɗauki ɗanyen makulli ya sa tsakanin haƙoran, ya sake shi don ya kama hannun juyawa. Makullin ya faɗi ƙasa. Ya ɗauko, ya tokare da haɓa, ya sake sulɓewa. Duk wahalar nan da muka sha, babu wanda ya tuna cewa hannu ɗaya ke riƙe aiki, ɗaya na juyawa. Tausayi ya kama ni, na miƙa hannu.

"Ɗauke hannunka, tela. Gobe ma kai za ka bar ɗinkinka ka riƙe mini?"

Na janye hannuna. 'Yar ta juya baya tana share ido da mayafi.

Ya juya bais ɗin a hankali har ya rufe, babu komai tsakanin muƙamuƙan. Ya ƙara wa sukurun giris, ya lulluɓe shi da tsumma, ya ɗauki hularsa. Da ya kai ƙofa ya waiwayo.

"Tela, duk wanda ya karɓi shagon nan, kada ka bari ya sa wa bais ɗin nan bututu."