Gadon da na gani kafin a yanka katako

Ni ce Dada Asabe ta Garwa. 'Yata Hadiza ke rubuta min, ni ban iya ba.

Kafinta ya shigo ɗakina ya ɗaga wayarsa, sai ga gado a cikin wayar, zaune daram a ɗakin nawa, alhali ko katako bai yanka ba. Ƙato, na mutum biyu, har ya cinye wajen sallata.

Na ce, "Ɗaya gefen na waye?"

Ya sunkuyar da kai. "Allah ya jiƙan maigidanki Malam, Dada."

"Amin. Ba gaisuwa na kira ka ba. Rage shi."

Ya matse da yatsu biyu, gado ya tsuke. Haka ya ƙera min shi, kuma sallayata ta samu wuri.

Ku da kuke gyara gefen da ba kowa har yau, ba ku gaji da wankin zanin gado ba?