Wata Shida a Bencin Baya Saboda Kaskon Turare

Shekara talatin da bakwai ke nan, a wannan bazarar, da rasuwar Malam Bitrus, malamin firamare, mutumin ƙasar Zuru, wanda muka zauna tare a Jega tun muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Duk shekara idan zafi ya kankama, aka fara loda albasa a manyan motoci a Aliero, sai ya faɗo mini a rai. Bana na ce sai na rubuta, domin akwai maganar da ya kamata in faɗa masa, ban faɗa ba har aka binne shi.

Ni malamin gona ne a lokacin, daga ƙasar Tangale aka turo ni. Mu Kirista ba mu da yawa a Jega: ma'aikatan ofis, malaman makaranta, sai wasu 'yan asibiti. Ɗakin sujadarmu na ƙasa ne da rufin kwano, benci takwas. Fasto sai wata-wata yake zuwa, saboda haka dattawa uku ne ke riƙe da ikilisiya. Ni ne ƙaraminsu a shekaru, babbansu a baki. Na taɓa zama a Kumasi da Kwatano da Garwa, ina jin Fillanci da Turanci da ɗan Faransanci, sai na ɗauka babu abin da ya saura ban gani ba.

Malam Bitrus yana haya a gidan Alhaji Garba, wani manomin albasa da dawa. Wata ranar Laraba, rana na shirin faɗuwa, na biya in kai wa Bitrus irin tumatir. Na tarar da shi durƙushe a ɗaki, kasko a gabansa, hayaƙi na tashi siriri. Yana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, har da na Alhaji Garba da matarsa mai ciwon ƙafa. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ce amin.

Na ce, "Malam, yaushe ka buɗe gidan bori ba ka gayyace mu ba?"

Ya yi dariya ya ce, "Shigo, Malamin Gona, iskokin ba sa hawan mai takalmin gwamnati."

Ni kuwa ba wasa nake ba, ya kuma gane. Sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Ya ce a alfarwa ta sujada, wadda Isra'ilawa suka yi ta ɗauka a jeji, akwai wani ɗan ƙaramin bagade na ƙona turare. Kamu ɗaya ne tsawonsa, kamu ɗaya faɗinsa, amma shi ne ke tsaye dab da labulen Wuri Mafi Tsarki. Safe da yamma firist ke ƙona turare a kansa, ba ya fashi. Wutarsa kuma ba daga ko'ina ake ɗebo ta ba, sai daga bagaden hadaya na waje. Ya ce wannan shi ne hoton addu'ar Kirista. Ƙarama ce a ido, amma ita ta fi kusa da Allah. Ba ta da wutar kanta, daga hadayar Almasihu take samun zafi. Turaren ma sai an daka shi ya yi laushi kafin ya ba da ƙanshi, haka zuciya.

"Ni mutum ne mai mantuwa," in ji shi. "Hayaƙin nan ba ya kai saƙo ko'ina, labulen Wuri Mafi Tsarki ya riga ya tsage tun ranar da Almasihu ya mutu. Amma idan na daka ƙaron hano da hannuna, na ɗebo garwashi a murhun matata Saratu, na jira ya kama, hankalina ya dawo gida ke nan. Ba na tashi sai ya cinye."

Na ji shi da kunne, amma raina na wani wuri. Mahaifina mai kula da wurin tsafin danginmu ne, na tashi ina ganin hayaƙi a gindin dutse, kuma da wahala na rabu da wannan. A bakin teku ma na ga masu fararen riguna suna kewaye marasa lafiya da turare da kyandir kamar bokaye. Sai na haɗa su duka a kwando ɗaya na sa Bitrus a ciki. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni ban tsaya a gudu ba, na kai ƙararsa gaban dattawa.

Masu karatu da ba su san tsarinmu ba, idan ikilisiya ta yi wa mutum horo, akan sanar ran Lahadi a gaban kowa. Daga nan ya koma bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji, ba ya jagorantar addu'a, sai wa'adinsa ya cika. Benci ne na mazinata da mashaya. Dattawa biyun sun so a ja masa kunne kawai. Ni na dage, na ce muna zaune a tsakiyar Musulmi, idan aka ji Kirista na turare kamar masu bori, mutuncinmu ya zube. Aka yanke masa wata shida. Ni na karanta sanarwar, da Hausa, na kuma maimaita da Turanci don kada 'yan'uwanmu na kudu su rasa ko kalma ɗaya.

Mutuncin da na ce ina karewa, ga abin da ya same shi. Ranar kasuwar Jega Alhaji Garba ya tare ni a layin masu taki.

Ya ce, "Malamin Gona, wanga malami naku, mi kunka gani gare shi? Shekara huɗu yana gidana, in ya kunna turarenai mun san lokacin alwala ya yi. Wanda ya wuni rumfar albasa ba sai ya hwaɗi inda ya hito ba. Shi ko wanga, ƙanshin mutanen kirki ad da shi."

Na ce masa wannan maganar cikin gida ce. Ya ce, "To, Allah shi ba ku haƙuri da junanku," ya wuce.

Bitrus bai yi fashin Lahadi ko ɗaya ba. Yakan riga kowa zuwa, ya share ɗakin, ya je ya zauna a bencinsa, yara 'yan ajinsa suna waiwayensa. Idan an tashi ya miƙo mini hannu ya tambayi lafiyar iyalina. Da ya yi fushi da na sami abin kare kaina. Wa'adin na cika aka yi masa canjin aiki zuwa Andarai, can ƙasar Maiyama. Kaskon kuwa ya ajiye shi tun ranar sanarwa, domin ya ce ba zai zama sanadin tuntuɓen kowa ba.

Bayan shekara biyu aka tura ni kwas na noman rani a ƙasar Habasha. Wata Lahadi wani abokin karatu ya kai ni majami'arsu. Na ga tsofaffi tsaye ba takalmi, sun jingina da sanduna, turare ya cika wurin, ga labule a gaba. Mutanen da suka riƙe bangaskiyar nan tun kakannina ba su ji labarinta ba. Na tambayi abokina da Turanci ma'anar hayaƙin, ya faɗa mini kusan abin da malamin firamare ya faɗa mini a ɗakin haya a Jega. Ashe duk yawona kifin rijiya ne ni. Na dawo masauki na buɗe Maganar Allah, na bi zancen bagaden nan tun daga jeji har zuwa wahayin ƙarshe, inda aka haɗa turare da addu'o'in tsarkaka. Duk yana nan. Na sha karantawa, tsoro ne ya rufe mini ido.

Na dawo da niyyar zuwa Andarai. Sai aka ajiye ni a Aliero daidai lokacin dashen albasa. Na ce sai an gama dashe. Aka gama, na ce sai an cire. Tafiyar ba ta kai awa biyu a babur ba, na je Mungadi, nan cikin ƙasar Maiyama, aiki sau biyu ma ban ƙarasa ba. Gaskiyar ita ce ban san yadda dattijon ikilisiya zai durƙusa wa wanda ya hora ba. Ana cikin cirar albasa sanƙarau ya shiga ƙauyukan. Kwana uku Bitrus ya yi a kwance.

Bayan jana'iza na sami Saratu na faɗa mata duk abin da ke raina. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Baba, nawa na yafe maka. Nasa kuwa ba a hannuna yake ba. Da ka zo da wuri, da ka ji daga bakinsa." Ba ta ƙara ba, ni ma ban nema ba. Da-na-sani ƙeya ce, a baya take.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Majami'u sun yi yawa, lasifika ta yi ƙarfi, addu'a ta koma gasar murya. Na shiga wurare a Legas da Yawunde da nan gida inda ake kiran wuta ta sauka a kan maƙiya, ana ba Allah wa'adi kamar ɗan kwangila. Ina jin Bitrus zai saurara, ya yi ɗan murmushin nan nasa, ya tambaya a hankali: wannan wutar daga wane bagade aka ɗebo ta? Ba na tsammanin zai ce kowa ya sayi kasko. Ni ma har yau ba na ƙona turare, ba farilla ba ce. Abin da zai nema shi ne safe da yamma, ba fashi, da sunan maƙwabci a baki ko da ba addininku ɗaya ba.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Amma 'yarsa Rahila, wadda yanzu jika gare ta, ta ce mini har gobe ba a karya kumallo a gidanta sai an kira sunayen mutanen layinsu kaf. Wasu tsofaffin ɗalibansa a Maiyama, Musulmi da Kirista, idan aka ambace shi sukan ce, "Allah sarki, malamin da ba ya zagi." Abin da ya rage ke nan, kuma ba kaɗan ba ne.

Sauran abu ɗaya yana wuyana. Dattawa biyun sun rasu, waɗanda suka ji sanarwar sun watse, wasu watakila har yau suna ɗauka akwai abin da ya aikata. A bainar jama'a na ɓata shi, ba daidai ba ne in wanke shi a ɓoye. To, duk wanda ya zauna a ɗakin nan na Jega a wancan zamani, ko ɗansa, ko jikansa, ya ji daga bakin wanda ya kai ƙarar: Malam Bitrus bai yi tsafi ba. Addu'a yake yi, ni na hana shi.