Kashi na Biyu a Rumfar Kawu

Shekarar da na gama sakandare, Baba ya turo ni daga Kekun Waje zuwa Gusau, wurin kawuna mai gidan kallo a Sabon Gari. Rumfar kwano ce, benci takwas, talabijin a kan durom, taga ɗaya an toshe ta da bargo. Tunda na iya ɗan Turanci, sai Kawu ya ba ni aikin tsayawa a gefen talabijin ina fassara wa mutane.

Da fari na ji daɗin aikin, har ranar da aka kawo kashi na biyu na wani fim ɗin 'yan Sin. Ban taɓa ganin abu mai kyansa ba. Akwai birni da ke rataye da sarƙoƙi a cikin gajimare, da kogi ja mai gudu sama, da mayaƙa masu fafatawa a kan bakin takubba kamar ba su da nauyi. Amma labarin ya fi ƙarfina. Jarumin da ya mutu a kashi na ɗaya ya dawo, sai kuma ga wani mai kamarsa sak, su biyun suna neman madubi guda, kowa na cin amanar kowa. Rubutun Turancin da ke ƙasan hoton kuwa rabinsa a yanke yake. Sai na riƙa ƙirƙira.

Sau uku muke nuna shi kullum, daga hantsi zuwa la'asar. Kwano ya yi zafi, janareta na ƙugi a bayana, hayaƙinsa na shigowa, ni kuma ba damar zama, balle fita shan iska.

Akwai wani direba mai jigilar Tsafe da ba ya fashi idan ya sauke fasinja. Wata rana ya ɗaga hannu.

"Malam, tsaya. Jiya ka ce wanga ƙanen jarumi ne. Yau kuma ubansa ya zama?"

Aka bushe da dariya. Na ce, "Ai sihirin madubin ne ya juya shi." Ya gyaɗa kai, ya gamsu. Tun daga nan dole na riƙe kowace ƙarya da na taɓa yi, don shi ba ya mantuwa.

A mako na huɗu saƙo ya zo daga gida cewa ana tantance masu neman aikin koyarwa a Bungudu ranar Laraba. Na sami Kawu yana goge kaset.

"Kawu, ina so in je. Yini ɗaya ne kawai."

Bai ko ɗago ba. "In ka tafi, wa zai yi musu bayani? Ba don fim suke zuwa ba, don bakinka ne. Kuma amana ubanka ya ba ni kai. Bari wata shekara."

Ban iya musa masa ba. Shi ke ciyar da ni, kuma ƙanen Inna ne.

Ranar Larabar na tsaya a wurina. Ta tsagar ƙofa ina hango motocin Bungudu suna lodi. Da mayaƙan suka tashi sama, sai idona ya koma kan motocin, na bar fassarar, mutane suka yi ta kiran "Malam, fassara!" Na share zufa, na ci gaba.

Sai bayan shekara biyu na bar rumfar, da Kawu ya sayar da kayan ya koma cinikin hatsi a Mada. Koyarwar na same ta daga baya, amma abokan karatuna sun riga sun yi mini nisa.