Ƙaramar Oba-obar da Baba Ya Zaɓa

Dutse

Muna sallame asuba muka tayar da motoci, ni da Baba a tsohuwar Landiroba, Sale direbanmu a gaba da a-kori-kura. Saƙo ne ya iso cewa Gwaggo Hanne, yayar Baba da ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, tana kwance a ƙauyensu bayan Miga, kuma shi take nema. Lokacin Jigawa ba ta daɗe da zama jiha ba, ga tsakiyar damina, hanyoyin fadama sai wanda ya gani.

Oba-oba ɗaya, wato rediyon magana ta hannu, tana aljihun Baba, ɗayar tana hannun Sale. Saboda fataucin riɗi muka saye su, don motocinmu kan ɓace wa juna a daji. Iri biyu mai shagon ya nuna mana: babba da ake kafewa a mota, mai doguwar eriya, tana kai magana nesa, da ƙanana na hannu masu batir, waɗanda ba sa cin dogon zango. Ni babbar na so. Baba ya ce, "Abin da ba zai bi ni masallaci ba, me zan yi da shi?" Wallahi har gida ina ƙunƙuni.

Kiyawa zuwa Jahun

A Kiyawa muka sha koko da ƙosai. Bayan mun wuce Jahun muka saki kwalta, nan kuma halin Baba ya fito. Ita oba-oba, in ka danne maɓallin ba ka jin ɗan'uwanka sai ka saki. To Baba ba ya magana ba gaisuwa. Ya danne: "Salamu alaikum, Sale, ina gajiya? Yaya hanya? Yaya ruwa? To madalla." Ashe duk lokacin nan Sale na ta ihun mu bi hagu. Ji kake tsulum, mun faɗa rami!

Da ƙyar muka fito, taɓo har gira. Na ce, "Baba, don Allah a riƙa saki." Ya ce, "Wato in faɗa wa mutum da magana kamar ɗan sanda?"

Bayan Miga

Hantsi ya yi muka iso fadama. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Hanya ta shige ruwa ta ɓace, sama ta kwanta a kansa, har ba ka gane inda ɗaya ya ƙare. Furannin bado fari fat, balbelu tsaye shiru, kukoki can nesa kamar suna iyo. Na ji kamar ban farka daga barci ba. Ga rufin ƙauyen muna hangowa, amma ba mota, ba kwalekwale, sai dai a rungumi gora a yi iyo. Baba kuwa gwiwoyinsa ko matakala ba sa so. Ya tsaya yana kallon ƙetaren. Tausayinsa ya kama ni.

Na karɓi oba-obar Sale, na naɗe a leda, na tura cikin hula, na ari gora wurin wani mutum a bakin gaɓa, na shiga ruwa.

Na tarar da Gwaggo a kan tabarma, ta rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe ta, na kira Baba a oba-oba. Sai ga muryarsa ta cika ɗakin: ina kwana, yaya jiki, yaya mutan gida, yaya damina. Ya danne ya ƙi saki, ni kuma ba halin in ce masa komai. Numfashinta kuwa na ta yin ƙasa.

Ta yi murmushi. "Har yau ba ya barin mutum ya yi magana?"

Can muryar ta tsinke, sai shuuu. Na yi maza na danne, na kara mata a baki. Sunan da ban taɓa jin an kira Alhaji guda da shi ba ta kira.

"Tanko. Ka ci abinci kuwa?"

Ta daɗe tana yi masa magana a hankali, tana sa albarka. Duk sanda na saki, shiru nake ji. Daga baya Sale ya ce Baba zama ya yi a bakin ruwa, oba-obar a tafin hannunsa, hawaye na bin gemu, bai ƙara taɓa maɓallin ba.

Gida

Gab da magariba muka shigo Dutse, duwatsun sun yi ja. Ranar Juma'a Gwaggo ta rasu, ruwan bai janye ba. Allah ya jiƙanta, ya saka wa Sale da mai goran da ya ara mini. Na gode wa Allah da Baba bai saurare ni a shagon nan ba, don da babbar muka saya, da tana nan kafe a mota a wannan gefen ruwa.