Hular gwamna da na yi da hannuna

Shekarun baya, lokacin ɗana yana aji biyar a wata firamare ta kuɗi nan kusa da mu a Ƙofar Wambai, ya shigo gida yana haki ya ce, "Umma, an sa ni a wasan kwaikwayo na ranar raba kyauta. Malam ya ce ke za ki ɗinka kayan gwamna."

Ni ɗinki nake yi a gida, boko kuwa a aji uku muka rabu. Na ce wane gwamna? Ya ce wani Bature ne na da, ubansa ɗan Holan, uwarsa 'yar Ingila, ya yi soja ya yi yaƙe-yaƙe, daga baya aka ba shi mulkin wata ƙasa. Ban ƙara tambaya ba. Tunda ni aka kawo wa ɗinkin, a raina ɗana ne gwamnan. Awon da malamin ya aiko ma ya fi yaron faɗin ciki, na ce ai don ya sake ne.

Na zage na yi aiki. Farin yadi, maɓallan ƙarfe kuma maƙwabciyata ta ciro mini daga tsohuwar rigar mijinta ɗan sanda. Hular ce ta ba ni wuya, don a hoton da aka kawo akwai gashin tsuntsu a samanta. Na kife ƙwarya, na lulluɓe ta da farin ƙyalle, na sa aka yanka farin zakarana da nake ajiya don Sallah, na fige jelarsa na dasa. Har zagaya tsakar gida na yi da ita a ka ina ƙamewa, kaji suna kallona.

Don ɗoki na aika ƙauyenmu Zungur aka ɗauko mahaifina ya zo ya ga jikansa. Baba tsoho ne, wuyansa a karkace, tsakiyar kansa gashi ba ya fitowa. Yana saurayi aka kwashe shi da wansa a ɗiban gwamna, wato aikin tilas na haƙar kuza, suna wuni da kwanon ƙasa a ka. Shi ya dawo, wansa bai dawo ba. Ba ya son zancen, mu ma ba ma yi masa.

Ranar muna zaune a rumfa, aka buga ganga, gwamna ya fito. Ɗan mai makarantar ne cikin ɗinkina, a kan kujera da aka ɗaure a gora biyu, yara sun ɗauko shi a kafaɗa, ba riga ba takalmi. Ɗana ne a gaba, yana nishi yana neman idona don ya yi mini murmushi. Gwamna ya ƙwanƙwasa masa sanda a ka ya ce, "Sauri, sauri." Iyaye suka kwashe da dariya. Da suka sauke shi, suka zube ƙasa suna cewa zaki, zaki. Aka tafa.

Baba ya juyo a hankali ya ce, "Wannan hular, ke kika yi ta?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

Ya ce, "Ta yi kyau. Haka take sak." Ya lalubi sandarsa ya miƙe.

Ban san lokacin da na hau dandamalin ba. Na cire hulata daga kan yaron, na kama hannun ɗana na tashe shi. Malamin ya biyo mu da gudu yana cewa, "Hajiya, tarihi ne fa. Kuma mutumin ba ma a ƙasar nan ya yi mulki ba."

Na ce, "To can ɗin aljanu ne suka ɗauke shi, ko 'ya'yan mutane? Malam, kun faɗi garin ubansa, kun faɗi garin uwarsa. Ɗana fa, a matsayin wa ya fito a wasan?"

Ya ce, "Ɗan dako."

Na ce, "Sunansa?"

Na ja ɗana muka fice.

A hanya yaron ya yi ta kuka, wai na kunyata shi. Da muka isa gida Baba ya kira shi, ya cire hularsa, ya ɗora hannun yaron a kan gurbin nan mai santsi, ya faɗa masa sunan wansa, da irin waƙar da yake yi in yana noma. Ranar na fara jin Baba ya ambace shi.

Yanzu ɗan nan nawa ya yi aure, wani lokaci har tsokanata yake, "Umma mai juyin mulki." Nakan yi dariya, amma haushin bai tafi ba. Ba Baturen ma nake jin haushi ba, shi ya daɗe da zama ƙasa. Tafin nan ne ke tsaya mini a wuya. Rumfa cike da jikokin waɗanda aka ɗiba, ba wanda ya ga abin tashi sai tsohon da kansa ya san nauyin kwanon.

Hular kuwa na yaye ƙyallen, na tuge gashin. Ƙwaryar tana nan bakin akurki, kaji ke cin dusa a ciki.