Rantsuwar da aka hana Bukar

Ranar da manoman Toranke suka janye ƙararsu ba ta taɓa fita daga raina ba. Lokacin ina magatakarda a wata kotun alƙali a ƙasar Gaya, ba a daɗe da daina fam da sule ba. Aikina in rubuta ƙara, in kira masu shari'a, in kama bakina.

Wani ɗan birni ne ya zo da tsari: manomi ya riƙa zubi duk wata tun daga kaka, idan ruwa ya sauka motar noma ta nome masa gona. Sau ɗaya ya kawo ta kasuwar Ajingi, aka sha kallo. Ni tun ranar mutumin bai kwanta mini ba, murmushinsa ya yi yawa. Wakilinsa mai karɓar zubi a Toranke shi ne Bukar, Babarbare mai awon gyaɗa, haifaffen garin. Wasu har shanun nomansu suka sayar. Ruwa ya sauka, babu mota, babu ɗan birni. Sai aka kawo ƙarar Bukar, wai da shi aka haɗa baki.

Ga wanda bai san ƙa'ida ba: mai ƙara shi ke kawo shaidu. Idan ya rasa, sai ya nemi wanda ake ƙara ya yi alwala ya rantse da Alƙur'ani, magana ta mutu. Manoman nan ba su da shaida ko ɗaya, sai dai wai sun gan shi da sabon keke.

Alƙali ya tambayi Malam Ado, dattijon da ke magana da yawunsu, ko suna son Bukar ya rantse. Bukar har ya fara naɗe hannun riga.

Dattijon ya ce, "Allah gafarta Malam, mun janye."

Alƙali ya ce, "Kun gamsu bai ci ba ke nan?"

"Ba mu ce ba. 'Yar ƙanena yake aure. In ya rantse kan ƙarya, kan 'ya'yansa abin zai faɗa, kuma jikokinmu ne."

Bukar ya durƙusa, ya ce, "Baba, don girman Allah ku bar ni in rantse." Dattijon ko kallonsa bai yi ba. Alƙali ya ce tunda babu mai ƙara babu rantsuwa, ya sallami kowa.

Wallahi abin ya ƙona mini rai, duk da ni ma keken nan ya tsaya mini a wuya. Har gobe ban san ko ya ci ko bai ci ba. Abin da na sani, kakar nan babu wanda ya kai masa ko tiya ɗaya ta gyaɗa, a masallaci ma sama-sama ake ba shi hannu. Kafin wata damina ya kwashe iyalinsa ya yi gabas.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, in kun ji an ce "mun janye", kada ku yi saurin rubuta sulhu. Wani lokacin mutanen gari sun riga sun yanke nasu hukuncin, kuma shi babu inda ake ɗaukaka ƙararsa.