Mai Auna Ruwan da Rana Ke Zuƙewa

A tashar Zuru, Beatrice mai abinci tana kallon baƙon da ya bar tuwonsa yana hucewa. Dogo ne siriri, takalmansa duk busasshen taɓo. Ya ɗora kwamfuta a cinya yana bin wata taswira da yatsa.

"Malam, lafiya?"

Ya juyo mata da kwamfutar. "Hoton tauraron ɗan'adam ne. Muna haɗa shi da awon ruwan sama da na rafuka, mu gane yawan ruwan da rana ke zuƙewa daga ƙasa. Inda ya yi ja, abin da ke tashi ya fi abin da ke sauka."

Ya ce yau zai hau babur zuwa Sakaba, don mai karanta masa ma'aunin rafi a can ya kwana uku bai ɗaga waya ba. A ranta tana jin iyalinsa ba su san da wannan tafiya mai haɗari ba.

"Ina Ribah a nan?" ta tambaya. Can mijinta yake noma.

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya rufe kwamfutar a hankali.

"Mama, kada ku sayar da hatsin bara."